Zare: Ranar da jirgin ƙasa ya sauka daga dogo, da abin da Kawu ya gani a jikin babur ɗina

1/
Yau magana ce mai tsawo, mai data ya gyara zama. A kan jirgin ƙasa zan yi ta, kuma daga bakin wanda ya tashi a garin da ko taku ɗaya na layin dogo babu. Ni ɗan Badariya ne, Birnin Kebbi. 🧵

2/
Na san wani zai ce, ku da ba ku da jirgi, ina ruwanku? Da ni ma haka nake gani. Mu abin da muka sani shi ne ka je tasha ka shiga mota, ka bi Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, ko ka zaga ta Sakkwato da Gusau. Jirgi sai na sama a Ambursa, shi kuwa ba na aljihun irinmu ba ne.

3/
Amma ranar Talata 26 ga Agusta 2025 maganar jirgin ƙasa ta shigo mana har tsakar gida. Tun daga ranar nake son rubuta wannan, sai yanzu na samu zuciyar faɗar ɓangaren da ya shafe ni, don akwai abin kunya a ciki.

4/
Yayata da nake bi tana aure a Kaduna, wajen Rigasa. Aikinta yana kai ta Abuja kusan kowane mako, kuma tun da ta fara wannan zirga-zirga jirgi take bi. Litinin da dare ta kira Inna ta ce gobe za ta koma Kaduna da jirgin safe. Ina zaune aka yi wayar.

5/
Ni kabu-kabu nake yi tun da na gama makaranta, kafin Allah ya kawo wani abin. Talata wajen sha biyu ina inuwa ina jiran fasinja, sai ga bidiyo a WhatsApp. Taragai sun karkace, mutane na fitowa da jakunkuna suna salati. An rubuta: jirgin Abuja zuwa Kaduna.

6/
Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na kira Yaya, a kashe. Na sake, a kashe. Na kira mijinta, shi ma ita yake nema, muryarsa na rawa. Ban san lokacin da na tayar da babur na kama hanyar gida ba.

7/
Na so in riga labarin isa wurin Inna, amma ina. Maƙwabciya ta riga ta nuna mata. Na same ta zaune bakin murhu, tukunya na tafasa ba ta ma sani ba, carbi a hannu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka same ta?" Na ce layi ne ba kyau. Ƙarya na yi, ita ma ta san ƙarya ce.

8/
Kusan awa biyu muka yi a haka. Sai bayan azahar waya ta yi ƙara. Yaya ce. Ashe aiki ya riƙe ta, ta ɗage tafiyar, ta shiga taro ta kashe waya. Ba ta ma san abin da ya faru ba sai da ta kunna ta ga kira ya fi talatin.

9/
Inna ba ta yi kuka ba sai da ta ji muryarta. Da ta gama kuma ta yanke hukunci nan take: "Ke da jirgin nan har abada. Ban yarda ba, ban lamunta ba." Yaya ta ce to, Inna. A ranar ba wanda zai iya musu da ita.

10/
Ga abin da ya faru, ga wanda bai bi labarin ba. Jirgin ya taso daga tashar Idu, ya tsaya Kubwa, ya nufi Kaduna. Wajen ƙarfe 11 na safe ya sauka daga kan dogo a tashar Asham. Mutum 618 ne a ciki. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma mutum 21 sun ji rauni. Nan take aka dakatar da zirga-zirga.

11/
Ni kuwa da hankalina ya dawo sai na hau intanet. Na yi ta zuba. Ƙasa ta lalace, ba a san darajar rai ba, kowa ɓarawo ne. Aka yi ta danna min so, ana yaɗawa, ni ma ina jin kaina wani ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

12/
Yanzu bari in gabatar muku da Kawu, wan Inna. Tsoho ne, yana nan bayan layinmu, kullum a kan tabarma da rediyonsa. Mu yara mun san dai an ce ya yi aikin reluwe. Ban taɓa zama na tambaye shi mene ne aikin ba. Shekara da shekaru ina wuce shi da "Kawu ina wuni" kawai.

13/
Ashe fiye da shekara ashirin ya yi a kan dogo. Ya fara da lebura, ya kai heluma, a layin da ya tashi daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. Wannan layi ya isa Ƙaura a 1929, kuma can ya tsaya. Bai ƙaraso Sakkwato ba, balle Argungu ko Birnin Kebbi.

14/
Da yamma ya zo yi wa Inna barka. Na miƙa masa waya ya ga bidiyon. Ina nuna masa taragon da ya karkace, sai ya ture hannuna. "Ba tarago nika son gani ba, ɗan nan. Nuna min ƙasa. Jirgi ba ya hwaɗuwa daga sama, daga ƙasa shika hwaɗuwa."

15/
Muka yi ta mayar da bidiyon baya har ya ga inda dogo ya rabu biyu. Ya ce tsaya nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga wuri mararraba ce. In ka ji jirgi ya sauka a tasha, fara duba mararraba." Daga nan ya buɗe min karatun da ban taɓa samu a aji ba.

16/
Ya ce jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Direba ba ya juya shi dama ko hagu, gudu da birki kawai ke hannunsa. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta tsakanin ƙarafa biyu. Duk inda dogo ya nufa, can jirgi zai bi. In dogo ya yi ƙarya, jirgi ba shi da yadda zai yi.

17/
Shi ya sa faɗin da ke tsakanin ƙarafan biyu ba abin wasa ba ne. Tsohon layin da Kawu ya yi wa aiki milimita 1,067 ne. Sabon na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, milimita 1,435 ne. In ya buɗe fiye da kima ƙafa ta faɗa ciki, in ya matse ta hau sama.

18/
Ƙarafan kuma ba a ƙasa suke kwance ba. Akwai abin da ake jerawa a gicciye su hau kai, a da katako ko ƙarfe, yanzu kankare. Akwai maƙalan da ke danne dogo a jikinsu. A ƙarƙashi kuma tsakuwa, wadda ke raba nauyi, ta riƙe komai kada ya motsa, ta bar ruwan sama ya wuce.

19/
Ni da ina ganin tsakuwar nan ado ce, ko don kada ciyawa ta fito. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce rabin rayuwarsa a kan tsakuwar nan ta ƙare, yana cusa ta ƙarƙashin dogo da diga. In laka ta cika ta, ruwa ya kwanta, ƙasa ta yi laushi, sai dogo ya riƙa lotsawa duk sanda jirgi ya hau.

20/
Mararraba kuwa ita ce wurin da ake sauya wa jirgi layi. Akwai ƙarfe mai siririn baki kamar harshe, wanda ke matsawa ya manne da babban dogo. Dole ya manne tsam, a kulle shi. In ya bar 'yar kafa, ƙafafun gaba su bi wannan layi, na baya su bi wancan. Daga nan sai dai Allah ya kiyaye.

21/
Na ce to Kawu, yanzu da abin ya faru, ba ɗaga taragai za a yi a mayar kan layi gobe a ci gaba ba? Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tambayar wauta a gaban baƙi. Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa gyaran komi ba." Sannan ya jero min aikin daki-daki.

22/
Na farko, a kwashe mutane, a kula da masu rauni, a rufe layi gaba da baya kada wani jirgi ya shigo. Na biyu, kada a taɓa komai sai masu bincike sun zo sun auna, sun ga inda ƙafa ta fara hawa, sun bi sawun da ta bari. In ka share wurin da wuri, ka share amsar da za ta hana a maimaita.

23/
Na uku, ɗaga taragai. Wanda ƙafarsa ce kawai ta sauka, ana iya ɗaga shi da jak a turo shi a hankali ya koma. Wanda ya kwanta sai an kawo babban injin ɗaga kaya. Kuma layin Abuja zuwa Kaduna guda ɗaya ne, sai a tashoshi yake rabuwa. Hanyar da ta lalace ita ce hanyar da kayan gyara za su biyo.

24/
Na huɗu shi ne wanda ba a gani a bidiyo. Jirgin da ya sauka ba nan take yake tsayawa ba, yana jan ƙafa a kan kankaren nan yana farfasa su, yana tsinke maƙalai, yana lanƙwasa ƙarfe. Dole a bi a ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsage a cire shi, ko da a ido yana kama da mai lafiya.

25/
Na biyar, a kwashe tsakuwa a duba ƙasar da ke ƙasa, balle a watan Agusta da ruwa ke sauka. A shimfiɗa sabo, a ɗaure, a auna faɗi, a auna ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, a daddanne tsakuwa. Har zafin rana ana lissafawa, don ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, in bai samu wuri ba sai ya gantsare.

26/
Na shida, gwaji. A turo kan jirgi shi kaɗai, ba fasinja, a hankali. A sake aunawa. A sake turowa da nauyi. Ko an buɗe layi, sai an sa wa direbobi dokar rage gudu a wurin har tsakuwa ta zauna. Su ma taragan sai an kai su wurin gyara an duba ƙafafu da birki kafin su sake ɗaukar ɗan Adam.

27/
Ya ce zamaninsu kowane rukuni na da yankinsa. Kullum da asuba mutum ɗaya zai taka yankin nan da ƙafa, da guduma da sifana a kafaɗa, yana buga ƙarfe yana saurare. Noti mai kwance sautinsa daban ne. "Ranar da ba a samu komi ba, ita ce ranar da aikinmu ya yi kyau. Amma ba mai gode maka don abin da bai hwaru ba."

28/
Bayan kamar wata guda hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ta fitar da rahoton farko. Na karanta wa Kawu ina fassara masa. Rahoton ya ce wannan ne karo na biyu da jirgi ya sauka a Asham cikin wata 13, kuma wasu kankaren da suka lalace a karon farko faci aka yi musu, ba a sauya su ba.

29/
Ya kuma ce na'urar da ke sauya layi da kanta a wurin ba ta aiki, da hannu ake sauyawa a kulle da maƙali, kuma an tarar maƙalin a karye. Ita kuma hukumar jiragen ƙasa, NRC, a nata binciken na cikin gida ta danganta abin da kuskuren ɗan Adam, gudu fiye da kima da yadda aka taka birkin gaggawa.

30/
Na zaci Kawu zai zaɓi ɓangare. Bai zaɓa ba. Ya ce haɗari ba ya zuwa da ƙafa ɗaya. Ƙaramin lahani nan, ɗan sakaci can, gaggawa a gaba, ranar da suka haɗu sai a ce tsautsayi. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a rai, ya yi ta maimaita ta yana girgiza kai: faci.

31/
Kada ku ce mu kaɗai ne. A Ingila, ranar 10 ga Mayu 2002, jirgi ya sauka a Potters Bar, mutum bakwai suka mutu. Da aka bincika, mararraba ce ba a kula da ita yadda ya kamata ba, notunan da ke riƙe ta sun kwance. Ƙasar da ta ƙirƙiro jirgin ƙasa ke nan, noti ya kayar da ita.

32/
A Japan kuwa, jirginsu mai tsananin gudu yana aiki tun 1964. Da tsakar dare ake tsayar da shi, ma'aikata su hau layi su yi ta dubawa da gyara har asuba. Mu muna yaɗa bidiyon gudun jirgin muna cewa kai, Turawan gabas. Ba mai yaɗa hoton mutanen da ke kwana a kan tsakuwa.

33/
To, ga inda maganar ta juyo kaina. Ranar wata Juma'a Kawu ya ce in kai shi masallaci, ƙafarsa na ciwo. Na kawo babur ƙofar gida. Ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya tsaya. Ya sunkuya. Ya sa yatsa ya taɓa wani abu a wajen tayar baya. "Wanga mi ne ne?"

34/
Sandar birkin baya ce. Notin da ke riƙe ta ya ɓace tun kafin Babbar Sallah, na sa waya na ɗaure. Na ce, "Kawu ai yana kamawa, na ɗan lallaɓa ne kafin in samu sarari." Ya ce tun yaushe? Na yi shiru. Ya ce, "Tun yaushe, ɗan nan?" Na ce ya kai wata uku.

35/
Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Mutum nawa kaka ɗauka a yini?" Na ce ashirin, wani lokaci talatin. Ya ce in lissafa na wata uku. Na lissafa a zuci, na ga sun ninka mutanen da ke cikin jirgin nan har sau biyu da ɗori. Ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci a ƙafa.

36/
Abin da Kawu bai sani ba, kuma yau ne na fara faɗa: mako biyu kafin nan na ɗauko wata mata da goyo daga kasuwa. Wani yaro ya gilma, na taka birki, wayar ta zame. Da birkin gaba da tafin ƙafa na tsayar da mu. Matar ta ce sannu, Allah ya tsare. Ta ɗauka gwaninta ce. Da dare na ƙara murɗa wata wayar a kan ta farko.

37/
Ku duba fa. Karo na farko ya faru, Allah ya rufa asiri, na yi faci na ci gaba. Daidai abin da na hau intanet ina zagin wasu a kai. Kuɗin gyaran bai kai abin da nake kashewa a data cikin kwana uku ba. Da gaske ne da aka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

38/
Ban ce don ni na yi sakaci shi ke nan kada a tambayi hukuma ba. A'a. Wanda aka damƙa wa rayukan ɗaruruwan mutane da kuɗin jama'a, tambayarsa ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Abin da na gane shi ne halin iri ɗaya ne: yana aiki ai, a lallaɓa, gobe a gyara. Daga bakin kanikawa har manyan ofisoshi.

39/
Ranar ko sallar la'asar ban jira ba, na tura babur wurin mai gyara. Ya sauya sandar, ya duba takalmin birki ya ce shi ma ya cinye, na ce sauya. Na rasa aikin rabin yini. Da na dawo na nuna wa Kawu, ya taka da ƙafarsa sau uku, ya ce, "To, yanzu kai ni in gaida Innarka."

40/
Mu koma kan Yaya. Duk tsawon lokacin da jirgi ba ya aiki, mota ta koma bi. Wanda ya san hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san abin da nake nufi: aikin titi da ya ƙi ƙarewa, manyan motoci, cunkoso, ga fargabar da kowa ke ɗauke da ita a ciki ba ya faɗa. Duk ranar tafiyarta Inna ba ta cin abincin kirki sai ta ji ta sauka.

41/
Ranar Laraba 1 ga Oktoba 2025 jirgi ya dawo aiki, bayan kwana 36. Yaya ta kira ni a ɓoye: "Ƙanena, ka taya ni shawo kan Inna, hanyar nan za ta ƙarasa ni." Na ce ni wa? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sai dai mu je wurin Kawu.

42/
Kuma tsoron Inna ba daga Asham ya fara ba. Ba wanda ya manta daren 28 ga Maris 2022, da aka dasa wa jirgin nan bam aka kashe mutane aka sace wasu. Gyaran dogon bai ɗauki dogon lokaci ba, har an sa ranar dawowa a watan Mayu, iyalan waɗanda aka sace suka ce ba su yarda ba, aka ɗage.

43/
Sai a watan Oktoba aka sako rukunin ƙarshe na mutum 23, jirgi kuma bai dawo ba sai 5 ga Disamba 2022, fiye da wata takwas. Ƙarfe an gyara shi da wuri. Zukatan mutane ne suka ɗauki lokaci, kuma su ba a gyara su da sanarwa. Irin su Inna sai sun ga an yi ta zuwa ana dawowa lafiya.

44/
Kawu ya zo ya zauna kusa da ita. Bai ce mata jirgi ba ya haɗari ba. Ya ce, "Ke dai kin san ban yi miki ƙarya. Mota ma tana kashewa, kullum, sai dai ba a ɗaukar ta bidiyo kamar jirgi. Bar ta ta jira mako biyu, mu ga yadda za su tahi. In sun bi a hankali, sun san abin da suka yi."

45/
Inna ta ce, "Yaya, in wani abu ya same ta fa?" Ya ce, "Rai na hannun Allah, a mota ko a jirgi ko a kan gadonta. Namu shi ne mu ɗaure raƙumi." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce to, amma duk tashar da aka tsaya sai ta kira.

46/
Haka aka yi. Ranar da ta fara komawa, ta kira daga Kubwa, ta kira da suka wuce Jere. Ta ce wajen Asham ta ji jirgin ya lafa, wasu fasinjoji na tsaki suna cewa an ɓata musu lokaci. Na faɗa wa Kawu. Ya ce, "Masu tsaki ba su san wanga jinkiri shi ne kuɗin tikitinsu ba."

47/
Yanzu ga abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu 'yan Kebbi. Kullum muna kukan a kawo mana dogo, kuma muna da hujja. Shinkafar fadamar Rima, injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, albasar Aliero, kifin Yawuri, iyakar Kamba. Duk a bayan tirela suke fita, suna cin titi, titi na cin su.

48/
Muna kallo ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi Katsina da Jibiya. Muna taya su murna, muna fatan wata rana a tuna da mu. Amma layin Ƙaura da Kawu ya ba ƙuruciyarsa ya isa ya koya mana cewa samun dogo daban, riƙe shi daban.

49/
Don haka in ɗan siyasa ya zo da alkawarin jirgi, bayan tafi mu ƙara da tambaya. Wa zai riƙa duba layin, sau nawa? Ina kuɗin gyara zai fito kowace shekara? Ina za a samu kayan sauyi in wani abu ya karye? Yaranmu nawa za a koya wa aikin, kuma wa zai sake horar da su bayan an yanke kyalle an watse?

50/
In kuma haɗari ya faru, kada mu tsaya kan "yaushe za a dawo?" kawai. Matsin lambarmu na a buɗe gobe-gobe shi ma yana haifar da faci. Mu tambaya: me aka gano, me aka sauya, wa ya duba bayan an gama? Rahotannin nan ana fitar da su a fili. Mu karanta, mu fassara wa iyayenmu.

51/
Masu sace maƙalai da ƙarafan dogo su sayar wa 'yan gwangwan, da masu saye sun san daga inda kayan suka fito, ku ma da ku nake. Abin da ka kwance ka karɓi kuɗin shayi a kansa, shi ke riƙe da tarago mai ɗauke da yayar wani. Wata rana taka ce a ciki.

52/
'Yan uwana masu kabu-kabu da Keke, da direbobin Sakkwato da Jega da Argungu, na san yadda kasuwa take, na san kuɗin mai. Amma yau kafin ka ɗauki fasinjan farko, sunkuya ka duba abin nan da ka ɗaure da waya ko roba kana cewa sai an samu sarari. Ka san shi. Ni ma na san nawa.

53/
Kawu yana nan, yanzu kusan kullum bayan la'asar ina wurinsa. Jiya yake ba ni labarin yadda suke kwana a bakin gada in ruwa ya yi yawa, da fitila a hannu, don su tsayar da jirgi in ƙasa ta zame. Na fara ɗaukar muryarsa a waya, da izininsa.

54/
In akwai tsohon ɗan reluwe a gidanku, a Gusau, Zariya, Kafanchan, Minna ko Nguru, je ka zauna da shi tun yana nan. In kuma kana cikin jirgin nan ranar 26 ga Agusta, ko kana cikin waɗanda suka yi aikin gyaran, ina son jin naka a ƙasa. Allah ya ba masu rauni lafiya, ya tsare mana hanya.